Kafin ka sayi madubin hangen taurari

Wani matashin malamin makaranta ne ya aiko min da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake sha'awar kallon sama da dare, yanzu ya ɗan tara kuɗi, kuma ya ga wani madubin hangen nesa a kasuwar intanet da aka rubuta a kwalinsa cewa yana zuƙo abu har sau 675. Yana tambaya ko ya saya. Sannan yana son sanin yadda zai riƙa ɗaukar hotunan taurari masu launi irin waɗanda yake gani, alhali ba shi da komai sai waya.

Malam, kada ka saya. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, zan gaya maka dalili.

Irin wannan madubin shi na fara saye, kuma har yau ina jin haushin kuɗin. Faɗin bakinsa milimita 60 ne, ƙafafunsa uku sirara kamar karan dawa. Daren farko na auna Mushtari, wato duniyar Jupiter, da shi, na fi rabin awa ina lalube. Da na same shi, ina taɓa maɓallin saiti sai komai ya kama rawa, kafin rawar ta tsaya tauraron ya fice daga gilashin. Abin da na gani a ƙarshe wani farin tabo ne dishi-dishi, kamar an ɗiga koko a baƙin allo. Bayan mako biyu madubin ya koma saman durowa.

Lambar nan ta 675 talla ce kawai. Babban aikin madubin taurari ba zuƙowa ba ne, tara haske ne, kamar yadda baho ya fi kofi tara ruwan sama. Don haka abin da za ka fara tambaya shi ne faɗin bakinsa. Ƙwayar idon mutum in ta buɗe a cikin duhu ba ta wuce milimita 7. Gilashi mai milimita 50 yana tara hasken da ya ninka na ido kusan sau 50, mai milimita 200 kuwa kusan sau 800. Zuƙowa kuma tana da iyaka: ka ninka faɗin bakin sau biyu, abin da ya ba ka shi ne ƙarshen zuƙowar da za ta yi amfani. Mai milimita 60 ke nan ya tsaya a 120. Duk abin da ya haura haka, girman dishi-dishin kawai kake ƙarawa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Amma ko da madubin na kirki ne, da zan ce ka dakata. Wanda bai san sama da idonsa ba, in ka ba shi madubi ka ƙara ɓatar da shi, domin madubi yana nuna maka ɗan wurin da bai kai faɗin farcenka ba in ka miƙe hannu. Kamar a ajiye baƙo ne a tsakiyar kasuwar Kurmi a ce ya nemo rumfa ta cikin ramin kara. Wata biyu ko uku na farko, idonka da tabarma sun ishe ka.

Ka sauke manhajar Stellarium a wayarka, akwai ta kyauta. In ka ɗaga wayar sama za ta nuna maka sunan abin da kake fuskanta. Ka kunna jan haskenta na dare, saboda ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma farin hasken waya na daƙiƙa kaɗan yana rushe wannan sabon. Tocila ma ka rufe bakinta da jar leda. Kuma kada ka bari manhajar ta zama sandar makaho gare ka. Ka duba, ka kife wayar, ka nemo abin da kanka.

Wurin farawa mafi sauƙi shi ne taurari ukun nan da ke jere reras, waɗanda kowa ya san su ko da bai san sunansu ba. Suna tsakiyar wani rukuni da ake kira Oriyon, Larabawa kuma su ce Jabbar. A watan Janairu, wajen ƙarfe tara zuwa goma na dare, kusan a saman kanka suke. Ka bi layinsu ta gefe ɗaya, za ka faɗa kan tauraron da ya fi kowane haske a sararin dare, wato Shi'ira, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi. Haskensa yana shekara takwas da 'yan watanni a hanya kafin ya iso idonka, alhali haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Ka koma ka bi layin ta ɗaya gefen, za ka wuce wani jan tauraro, Dabaran, sannan ka iske Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Daga abu ɗaya ka samu huɗu. Haka ake koyon sama, daga sananne zuwa maƙwabcinsa.

A nan kana da wata riba da ba ka sani ba. In kana da dattijo manomi ko malamin hisabi a kusa, je ka zauna da shi. Taurarin da ake lissafin damina da su, kowane da kwana 13, ba sunaye ne na takarda kawai ba, suna nan a sama. Haƙa'a 'yan taurari ne ƙanana da ke kan Oriyon. Zira'a tagwayen taurari ne masu haske a arewa maso gabas da shi. Nasara wani ɗan farin tabo ne da in ka sa masa madubi sai ya tarwatse ya zama taurari barkatai kamar kudan zuma. Su kansu sunayen da Turawa ke amfani da su, da yawa Larabci ne da harshe ya karkata: Aldebaran, Rigel, Altair, Deneb. Wanda ya yi karatun allo ba baƙo ba ne a wannan fagen. Za a tambaye ka ko duba ka fara, ni ma an tambaye ni ba sau ɗaya ba. Amsar ita ce wannan ilmin falaki ne, wanda ake gane alƙibla da lokutan salla da tsayuwar wata da shi. Ba ruwansa da sa'ar kowa ko auren kowa.

Abu biyu za ka lura da su da kanka in ka yi mako uku kana fita. Taurari suna riga lokacinsu na jiya fitowa da kusan minti huɗu kullum, wato awa biyu a wata, shi ya sa kowane lokaci na shekara yake da nasa taurarin. Na biyu, wasu masu haske ba sa ƙyaftawa sosai kuma suna sauya wuri a tsakanin sauran. Waɗannan duniyoyi ne irin tamu: Zuhura, Mirriku, Mushtari, Zuhal. Zara matar wata da kake gani bayan magariba da Gamzaki mai fitowa da asuba abu ɗaya ne, Zuhura ce, wani lokaci tana bin rana a baya, wani lokaci tana gabanta.

Yanzu maganar da yawancin bidiyoyin da kake kallo ba za su gaya maka ba, domin masu yin su a Turai da Amurka suke, samansu daban da namu. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, kuma garuruwanmu daga Zariya har Damagaram duk ba su yi nisa da haka ba. Wannan alheri ne babba. Muna ganin duk taurarin arewa, sannan muna ganin mafi yawan na kudu waɗanda mutumin Ingila sai ya hau jirgi zai gan su. Suhailu, na biyu a haske bayan Shi'ira, yana nan kudu da shi a daren Janairu da Fabrairu. A Afrilu da Mayu, in kudu ta yi fes, za ka ga taurari huɗu a siffar gicciye ƙasa-ƙasa, a gefensu kuma Alfa Sentauri, wanda shi da abokan tafiyarsa ne suka fi kowane tauraro kusa da rana, tafiyar haske ta shekara huɗu da 'yan watanni. Sama da su kaɗan akwai Omega Sentauri, dunƙulen taurari miliyoyi da ido ke ganinsa kamar ɗan auduga.

Abin da ke hana mu sakewa shi ne hazo da hadari. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Za ka ga babu gajimare ko ɗaya, amma taurarin da ke ƙasa-ƙasa duk sun ɓace, na saman kai ne kawai suka rage. A irin wannan daren kada ka wahalar da kanka da neman abubuwa masu raunin haske, ka tsaya kan wata da duniyoyi, su hazo bai cika damun su ba. Damina kuma gajimare ne, amma daren da aka yi ruwa da la'asar sama ta washe, babu kamarsa a shekara, domin ruwan ya wanke ƙurar tas. Kuma a daidai lokacin ne, Yuni zuwa Agusta, farar hanyar nan ta taurari da ta ratsa sama take fitowa da kyau, mafi kaurinta a kudu kusa da wutsiyar rukunin taurarin da ake kira Kunama. In ba ka son caca da hadari, ka tashi kafin asuba a Afrilu ko Mayu, za ka same ta a can. Lokacin da na fi so dai shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Kuma kowane wata ne, ka zaɓi kwanakin duhu, daga 25 ga watan Musulunci zuwa 3 ko 4 ga mai kamawa. Farin wata yana shafe raunanan taurari kamar yadda fitilun gari ke yi.

Fitilun gari su ne matsala ta uku. Dā in an ɗauke wuta a unguwa sai sama ta dawo, abin da kowa ke tsaki a kansa ni murna nake. Yanzu fitilun sola na kan titi ba sa mutuwa har gari ya waye. In kana da ƙauye, ka riƙa haɗa ziyarar gida da kwanakin duhu. Sai dai ka ji wannan da kyau: kada ka shiga daji da dare don neman duhu. Halin da ake ciki a wurare da yawa bai ba da wannan ba, kuma bututu a kan ƙafa uku, daga nesa cikin duhu, ba ya kama da kayan karatu. Wata rana a bayan wata makarantar firamare na ɗago kai daga madubi na ga tocila uku a fuskata, 'yan sintiri ne da gorori. Abin da ya cece ni shi ne wata yana sama. Na ce babbansu ya sa ido, ya sa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ramuka ne a jikinsa!" Sai da kowannensu ya kalla sau biyu. Tun daga ranar, duk inda zan kafa kaya sai na fara gaida mai unguwa na gaya masa, kuma ba na fita ni kaɗai. Ka sa takalmi rufaffe saboda kunama, ka shafa maganin sauro. Fitilar leza mai koren haske da ake nuna taurari da ita, ka bar ta, tana jawo ido kuma haɗari ce ga matuƙan jirgi.

In ka yi wata biyu kana wannan kuma sha'awar ba ta gushe ba, sai ka taɓa kuɗin. Abin da za ka fara saye shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 ko 7x50 a jikinsa. Lambar farko zuƙowa ce, ta biyu faɗin gilashi. Kada ka ɗauki mai jan gilashi mai ƙyalli ko wanda ake ƙara masa zuƙowa da ɗan maɓalli, yawancinsu tarkace ne. Kafin ka biya, ka kalli wata eriya mai nisa da shi, in ka ga ta rabu biyu ko ka ji idonka yana ja, ajiye shi. Da dare ka kwanta rigingine a tabarma ko ka dafa gwiwar hannu a kan katanga don rage rawa. Kaza da 'ya'yanta da ido ke ƙirga shida ko bakwai za su zama gommai. Ƙasa da taurari ukun nan na Oriyon za ka ga wani hayaƙi-hayaƙi, gajimaren iska da ƙura ne inda sababbin taurari ke samuwa, nisansa ya haura shekarar haske 1,300. A daren Oktoba da Nuwamba, can sama ta arewa, akwai wani dogon tabo da Abdurrahman al-Sufi ya kwatanta da ɗan gajimare tun shekarar 964. Andiromeda ke nan, wani gari guda na taurari irin wanda ranarmu ke ciki, kuma hasken da ke shiga idonka ya baro can shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce. Dabarar ganin irin waɗannan ita ce kada ka kafa musu ido, ka ɗan kalli gefensu, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin raunin haske.

Da wannan madubin kuma za ka ga 'yan ɗigo a jere kusa da Mushtari. Watanninsa ne guda huɗu da Galileo ya gani a 1610. Ka samu littafin rubutu ka riƙa zana inda suke kowane dare. Cikin mako guda za ka ga suna zagaya shi, yau uku a hagu ɗaya a dama, gobe sun sauya. Ni wannan zanen ya koya min kallo fiye da duk wani abu da na karanta. Yana kuma taimakawa wajen neman jinjirin wata, amma sai rana ta faɗi gaba ɗaya za ka ɗaga shi yamma. Sanarwar tsayuwar wata kuma a Nijeriya ta fadar Sarkin Musulmi ce da kwamitinta, kai dai mai kallo ne.

Sai madubin kansa. Shawarata ɗaya ce: nau'in da ake kira Dobsoniyan, wanda John Dobson ya yaɗa a San Faransisko ta Amurka. Bututu ne mai madubi a gindinsa, zaune a kan akwatin katako, kana tura shi da hannu sama ko gefe. Ba batir, ba wayar wuta, ba rawa, kuma kusan duk kuɗinka ya tafi ne kan faɗin madubin. Mai milimita 150 ko 200 zai yi maka shekaru ba ka ƙure shi ba, sai dai bututunsa ya haura mita ɗaya, don haka kuɗin dakon shigo da shi na iya cin rabin kuɗin sayensa. In haka ta yi nauyi, akwai ƙananan na kan tebur masu milimita 130, irin Heritage 130P na kamfanin Sky-Watcher, wanda ake naɗewa ya shiga jaka. Zuƙowa kuwa daga ɗan gilashin da kake ɗora ido take fitowa: ka raba tsawon madubin, wato lambar focal length ɗinsa, da lambar gilashin. Madubi mai tsawon milimita 1200 da gilashi mai lamba 25 ya ba ka sau 48, mai lamba 10 ya ba ka sau 120. Kullum ka fara da ƙaramar zuƙowa, sai ka kama abin sannan ka sauya.

Da shi za ka ga zoben Zuhal, ƙarami amma tsaf kamar an zana da alƙalami. A Maris na 2025 zoben ya juyo mana da kaifinsa har ya kusa ɓacewa, yanzu yana ƙara buɗewa kowace shekara, ka shigo a kan gaɓa. Za ka ga ratsi biyu a jikin Mushtari, ka ga Zuhura tana zama rabi ko lauje kamar wata. Shi wata, kada ka jira daren 14, a lokacin haske ya game shi babu inuwa. Ka kalle shi daren 7 ko 8, a kan iyakar haske da duhu, inda duwatsu ke jefa doguwar inuwa. A nan kusa da tsakiya akwai manyan ramuka biyu da aka sa wa sunayen al-Battani da al-Zarƙali, masanan falaki na da.

Kula da kaya a ƙasarmu sai da ɗan sani. Ka fitar da madubin waje rabin awa kafin ka fara, ya saba da iskar dare. Kada ka auna ta saman rufin kwano ko daɓen siminti da ya sha rana, zafin da ke tashi yana sa hoto ya yi ta malele kamar kwalta da tsakar rana. In ƙurar hunturu ta hau gilashi, kada ka kuskura ka goge da bakin riga. Na yi, kuma zanen yana nan har yau, domin ƙurar yashi ce. Ka hure ta da robar hura iska ta masu kyamara, ɗan abin da ya rage ka ƙyale shi, ba ya hana gani. Da damina kuma danshi na sa gilashi ya yi fumfuna, sai ka riƙa ajiye shi da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Na zo kan hoto. Gaskiyar da ya kamata ka ji tun yanzu ita ce launukan da kake gani a hotuna, ja da shuɗi da shunayya, idonka ba zai gan su a madubi ba. Gajimaren Oriyon toka-toka zai fito maka, wataƙila da ɗan kore. Kyamara tana tara haske na mintoci ko awoyi, ido kuwa ba ya ajiya. Saboda haka kallo da ɗaukar hoto sana'o'i biyu ne, kayansu ma daban. Dobsoniyan sarki ne wajen kallo, amma ba ya bin juyawar sama, don haka ban da wata da duniyoyi ba ya ɗaukar hoton kirki.

Da wayarka za ka fara, yau ma in ka so. Ka shiga sashen kyamarar da ke ba ka damar saita komai da hannu. Ka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 1600, ka bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 15, ka kai saitin gani ƙarshen nesa. Dole wayar ta zauna daram, in babu ƙafa uku ka cika safa da shinkafa ka jingina ta. Ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don kada taɓawarka ta girgiza ta. A wuri mai duhu za ka sha mamakin yawan taurarin da za su fito. Ka sa wani abu na ƙasa a hoton, kuka ko rumbu ko hasumiyar masallaci, shi ke ba shi rai. Hoton wata kuwa akasin haka ne, domin dutse ne da rana ke haskawa: ka rage haske sosai, ISO 100 da ƙiftawa mai sauri, in ba haka ba farin ƙwai kawai za ka samu. In ka ɗora idon wayar a kan gilashin madubi, ramukan za su fito. Ka dai sani wasu wayoyin in suka gane wata ne sai manhajarsu ta ƙawata hoton da kanta, ni ba na lissafa wannan a cikin aikina.

Mataki na gaba shi ne kyamara mai cire gilashi, Canon ko Nikon, ta hannu ma ta wadatar, irin wadda masu hoton biki suka daina yayi. Matsalar da za ka fara karo da ita ita ce duniya tana juyawa digiri 15 a awa, don haka in ka daɗe da buɗe ido taurari sai su zama 'yan layuka. Akwai lissafin da ake farawa da shi: ka raba 500 da tsawon gilashin, wato milimitar da aka rubuta a jikinsa, in allon ɗaukar haske na cikin kyamarar ƙarami ne ka fara ninka tsawon da 1.6. Gilashi mai milimita 18 ya ba ka kusan daƙiƙa 17, mai 50 kusan 6. Ni ina rage kashi ɗaya cikin uku daga abin da lissafin ya bayar. Saitin gani shi ne inda sababbi ke faɗuwa: ka kashe na kai-da-kai, ka zuƙo tauraro mai haske a allon kyamara, ka murza a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka manne zoben da salatif. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba.

Sirrin duk hotunan nan masu kyau shi ne tarawa. Hoto ɗaya na daƙiƙa huɗu cike yake da yashi-yashi, musamman a zafinmu, domin allon ɗaukar haske na cikin kyamara yana ƙara wannan dattin in ya ɗumama. Amma in ka ɗauki 100 na wuri ɗaya ka ba kwamfuta ta jera su a kan juna, dattin yana raguwa sau goma, in 400 ne sau ashirin. Bayan ka gama, ka rufe bakin gilashin ka ƙara ɗaukar baƙaƙe 20 ko 30 da saiti iri ɗaya a nan take, manhaja za ta yi amfani da su ta cire dattin kyamarar kanta. Siril da DeepSkyStacker da Sequator duk kyauta ne. Hotona na farko na gajimaren Oriyon haka na yi shi, da gilashi mai milimita 50, ina gyara kyamarar da hannu duk bayan 'yan mintoci. Da aka gama tarawa sai na ga allo kusan baƙi, na ɗauka na yi asarar dare. Ina jan ma'aunin haske a hankali sai ga wani ɗan jan fure ya ɓullo daga cikin duhun. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: awa ɗaya a waje, awa uku a gaban kwamfuta.

In ka kai inda daƙiƙoƙi ba sa isar ka, akwai ƙaramar na'urar da ke juya kyamara daidai da juyawar sama, irin Star Adventurer, wadda ke ba ka damar buɗe ido minti ɗaya ko biyu. Sai an auna ta da tauraron arewa, wanda kusan ba ya gusawa daga wurinsa, kuma a nan wurin zamanmu ya zama matsala. Tsayin tauraron nan daga ƙasa daidai yake da nisan garinka daga tsakiyar duniya, a Kano digiri 12 kacal, kaɗan ya ɗara dunƙulen hannunka in ka miƙe shi. Katanga ko bishiya ko hazo duk suna ɓoye shi. Wasu manyan na'urorin irin wannan ma ba a ƙera su su sunkuya ƙasa haka ba, ƙarfen nauyinsu sai ya bugi ƙafa. Kafin ka yi oda ka duba mafi ƙarancin digirin da aka rubuta. Akwai kuma sababbin na'urori irin Seestar S50 da ke nemo abu da kansu, su ɗauka, su tara, su turo maka a waya. Suna aiki, ba na musu. Amma babu inda za ka ɗora ido a jikinsu, kuma mutum zai iya shekara da ita bai san inda Kunama take ba. In don ɗalibanka ne su ga launi a allo, tana da amfani, amma bayan mai ido biyu, ba kafinsa ba.

Tunda malami ne kai, yara za su taru, don haka ka riƙe wannan da ƙarfi: ba a kallon rana da madubi kowane iri, ko na daƙiƙa ɗaya, makanta ce nan take kuma ba ta warkewa. Baƙin tabarau da gilashin da aka turara da hayaƙi da fim ɗin asibiti duk ba kariya ba ne. Da rana kada ka bar madubi a tsakar gida ba kowa. Wanda ya isa hankali a 29 ga Maris 2006 zai tuna safiyar da rana ta yi husufi gaba ɗaya a Gusau da Katsina, gari ya yi duhu kaji suka nufi akurki. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi wani wanda zai rufe rana ruf a Luksor ta Masar da Jidda da Makka, mu a nan za mu ga wani ɓangare ne ya cinye. Na 20 ga Maris 2034 kuwa inuwarsa za ta ratsa Nijeriya da Kamaru da Chadi. In ba ka samu tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2 ba, ka aro rariya a gida, ka riƙe ta a rana, yara su juya wa ranar baya su kalli ƙasa. Kowane rami zai jefa hoton rana a kan daɓe, kuma yayin husufin za su ga ɗaruruwan 'yan lauje a jere.